Sulken Wasan Kwaikwayo: Kyau A Waje, Lafiya A Ciki

Wata shekara, da Kirsimati ya gabato, samarin majami'armu suka shirya wasan kwaikwayo a kan Dawuda da Goliyat. Suka zaɓi wani dogon saurayi, wanda ya fi su duka faɗin ƙirji, suka ce shi ne Goliyat. Mako uku suna tara gwangwanayen madara, suna yanka su ƙanana-ƙanana, suna ɗinkawa a jikin wata tsohuwar rigar kaki. Da suka gama suka ga kamar abin bai cika ban tsoro ba, sai suka samo ƙusoshi masu inci huɗu, suka soka su ta cikin kafaɗun rigar, tsininsu yana duban sama. Ran da suka kawo ta muka taru muna ta yabo. Mu da bakinmu muka ce ba mu taɓa ganin irinta ba. Ba wanda ya sa hannu ya shafa cikinta. Ba kuma wanda ya tambaya yadda mai ita zai yi sa'ad da lokacin faɗuwarsa ya zo.

Ran wasa majami'a ta cika maƙil. Ƙaramin Dawuda ya wurga majajjawarsa, Goliyat ya yi tangaɗi ya faɗi rub da ciki, jama'a suka ɗauki tafi da sowa. Amma Goliyat bai kwanta shiru kamar yadda aka koya masa ba. Yana ta birgima, hannunsa a fuska. Mutane suka ƙara tafi, suna tsammani gwaninta ce. Mahaifiyarsa ce ta fara ganin jini, ta ƙwalla ihu, "Wayyo ɗana!" Ashe da ya kai ƙasa kafaɗarsa ta ɗago, ƙusa ɗaya ta tsaga masa kunci, saura ƙiris ta taɓa ido. A asibiti muka ƙarasa bikin, da ɗinki da allura. Idon ya tsira, amma tabon yana nan har yau.

Tun daga ran nan muka ƙudura mu koyi wannan aiki yadda ya kamata. Muka zauna da maƙera da dukawa, muka kuma duba abin da masana tarihi suka gano. Abin da muka samo shi muke so mu ba ku a wannan wata, gama da wuya majami'ar da ba ta bukatar Goliyat, ko sojan Roma, ko mai gadin Hirudus, sau ɗaya ko biyu a shekara. 'Ya'yanmu ne kuwa suke sa waɗannan kaya.

MENE NE SULKE MAI ƁAWO?

Duk macen da ta taɓa kankare karfasa ta riga ta san asirin wannan sulke. Ɓawon kifi a jere yake, layi bisa layi, kowane ɗaya ya rufe gindin na bayansa. Idan aka bi da wuƙa daga kai zuwa wutsiya sai ta zame. Idan aka bi da ita daga wutsiya zuwa kai sai ɓawon ya ɗago. Mutanen dā sun lura da wannan, suka yanka ƙarfe ko busasshiyar fata ƙanana-ƙanana, suka huda su, suka ɗinka a kan tufa, kowane layi yana rufe ɗinkin na ƙarƙashinsa. Sai suka sami riga mai tare sara, wadda kuma take lanƙwasuwa da jiki.

Sana'a ce tsohuwa ƙwarai. A shekara ta 1922, da Howard Carter ya buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar, cikin kayan da aka tarar har da sulke mai ɓawon fata. A Lakish, birnin Yahuza da Sennakerib Sarkin Assuriya ya kewaye da yaƙi a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, masu tonon ƙasa sun sami ɓawon sulke na tagulla da na baƙin ƙarfe, da hudojin ɗinkinsu. A wani tsohon gari mai suna Dura, a bakin Kogin Yufiretis cikin ƙasar Suriya, wanda aka ci da yaƙi wajen shekara ta 256, an tono sulkunan dawaki a shekarun 1930, na ɓawon tagulla da na ɓawon ƙarfe, har yanzu a ɗinke bisa tufarsu. Sojojin Roma kuwa sun yi amfani da sulke iri uku: na zobba, na ɓawo, da na faffaɗan ƙarafa masu kewaye ƙirji. Ke nan wanda ya yi wa sojan Roma sulke mai ɓawo bai kauce wa tarihi ba.

Shi ma Goliyat irin wannan ya sa. Kalmar Ibraniyanci da aka kwatanta sulkensa da ita a 1 Sama'ila sura 17, ita ce aka yi amfani da ita a Littafin Firistoci sura 11 a kan ɓawon kifi. Nauyinsa shekel 5,000 na tagulla, wato kimanin kilo 57. Ya fi buhun siminti nauyi. Kada kowa ya yi ƙoƙarin kamanta wannan a jikin ɗansa! A wannan sura kuma muka ga Dawuda ya gwada kayan yaƙin Saul, ya kasa tafiya da su, ya tuɓe. A 1 Sarakuna sura 22 kuwa, kibiya ta sami Sarki Ahab daidai mahaɗin sulkensa. Mai ƙera sulke yana da darasi biyu a nan: rigar ƙarfe sai an auna ta da jikin mai ita, kuma wurin da sassanta suka haɗu, nan ne wurin lura.

SULKE A ƘASAR HAUSA

Sulke ba baƙo ba ne a wurinmu. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Kanawa. A shekara ta 1823, wani Bature ɗan Ingila mai suna Dixon Denham ya isa Kukawa, ya ga barade na Shehun Borno saye da sulke, ya rubuta labarinsu. A shekara ta 1964 kuma wani masani, A. D. H. Bivar, ya wallafa bincikensa a kan makamai da kayan yaƙi na Arewa, inda ya nuna waɗansu tsofaffin sulkuna daga ƙetaren Sahara fatake suka kawo su.

Sai dai sulken ƙasarmu na zobba ne, ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna kamar raga. Lifidi kuwa tufa ce mai kauri da aka cusa wa auduga, ana sa wa doki da mahayinsa. Yau ba a fita yaƙi da su. Sun zama kayan ado, ana ganinsu a hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau da sauran masarautu, akwai kuma na kallo a gidan tarihi na Gidan Makama a Kano. A shekara ta 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan salla na Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa.

Wanda ya tsaya ya dubi 'yan sulke da kyau ran hawa zai ga abu ɗaya: ba mai sa ƙarfe a kan fatarsa tsirara. Akwai riga a ƙarƙashi. Zai kuma ga adonsu a ka yake, a kan kwalkwali mai gashin jimina, ba a kafaɗa kusa da fuska ba. Mutanen da suka gaji sulke tun kaka da kakanni sun san inda ƙarfe yake ciwo.

DAGA INA ƘAYOYIN SUKA FITO?

To, in haka ne, me ya sa samarinmu suke ganin sulke bai cika ba sai da ƙayoyi a kafaɗa kamar bushiya? Daga majigi da hotuna suka gani. Mayaƙan gaske ba su cika son irin wannan ba, dalili kuwa a fili yake. Tsini a kafaɗa yana kama takobin abokin gaba maimakon ya bar shi ya zame. Yana sarƙe tufa da linzami. Yana soke wanda yake tsaye kusa da kai a sahu, yana kuma soke ka kai kanka in ka faɗi.

Inda aka fi ganin tsini a tarihi shi ne a ƙolin kwalkwali, can nesa da fuska. Ko shi ma bai daɗe a fagen fama na zamani ba. A shekara ta 1842 sojojin Furusiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, suka fara sa kwalkwali mai tsinin ƙarfe guda a bisa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, aka ga tsinin yana tona asirin soja a cikin rami, sai aka umarta a cire shi a bakin daga a 1915, a 1916 kuma aka fara sauya kwalkwalin da hular kwano marar tsini.

Ke nan tsini ado ne kawai, aikinsa ya sa mai kallo ya ji tsoro daga nesa. Masu wannan sana'a a Amurka da Turai da Japan sun san haka. Akwai masu ƙera kayan kwaikwayo bisa ga awon mai saye, da ɓawon alminiyon mai launi iri-iri, da tsinayen da ake ɗaurawa da noti ta baya domin a iya kwance su. Amma a manyan tarurrukansu akan duba kaya tun daga ƙofa, a hana shiga da ƙarfe mai kaifi. Har manyan masu shirya majigi ma sukan guje wa ƙarfe. A fina-finan The Lord of the Rings da aka ɗauka a Niyu Zilan, waɗanda suka fito daga 2001 zuwa 2003, yawancin sulkunan da aka gani, da bututun roba aka yi su. Aka yanka shi zobba-zobba har miliyoyi, aka sarƙa da hannu, aka ba su launin ƙarfe. In masu kuɗi irin waɗannan sun zaɓi abin da ba shi da nauyi, ba ya kuma yanka, mu ma ba abin kunya ba ne mu yi haka.

WANE ƘARFE ZA A ZAƁA?

Wanda ya fi dacewa a nema shi ne maƙerin fari, ko mai aikin gwangwani da yake ƙera mazurari da bokiti da fitila a kasuwa. Shi ne ya saba da fallen ƙarfe marar kauri, yana da babban almakashi, da magagari, da ƙaramar guduma. A je masa da ladabi, a biya shi hakkinsa, kada a ce aikin majami'a ne don haka kyauta ne.

Abin da muka ga ya fi kyau shi ne ragowar kwanon rufi na alminiyon, mai kaurin wajen rabin milimita, irin wanda kafintoci suke yarwa bayan sun gama rufi. Ba ya tsatsa, yana yankuwa da sauƙi, nauyinsa kuma kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe. Gwangwanin madarar gari ma yana yi, amma yana tsatsa, bakinsa kuma da kaifi. Gwangwanin lemo kuwa a bar shi. Ya cika sirantaka, yana lanƙwashewa, yana yanka kamar reza.

Akwai abubuwa uku da za a guje musu sam. Na ɗaya, gwangwanin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na feshin gona, ko an wanke shi. Na biyu, kada a sa kwanon rufi na ƙarfe a wuta don a tausasa shi, gama an shafe shi da tutiya, hayaƙinta kuwa yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Na uku, kada a narka dalma ta tsohon batir don a zuba tsini da ita, ko da yake tana da sauƙin narkewa. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar ƙananan yara. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400.

AWO DA LISSAFI

A fara da rigar ciki, ba da ƙarfe ba. Tela ya auna yaron, ya ɗinka riga marar hannu da kaki riɓi biyu ko tamfol mai laushi, ta tsaya a ƙugu ko ta ɗan wuce kaɗan. Kada a ɗinke gefunanta. A sa maɗaurai a dama da hagu, domin a iya ƙara ta ko a rage, a kuma iya tuɓe ta da sauri in wani abu ya faru. A bar wuya da hammata da faɗi.

Sa'an nan a yanka samfuri da kwali: faɗinsa santimita 3, tsawonsa santimita 5, samansa a miƙe, ƙasansa a zagaye kamar bakin cokali. Tun da kowane layi zai rufe santimita 2 na layin da ke ƙarƙashinsa, santimita 3 ne kaɗai zai fito fili. Ga lissafin. In gaban rigar yana da faɗin santimita 40 da tsawon santimita 45, kowane layi zai ci ɓawo 13, layuka kuma 15 ne. Wajen ɓawo 200 ke nan a gaba, 200 a baya, duka 400.

Ɓawo ɗaya na alminiyon mai wannan girma kimanin giram 2 ne, don haka 400 ba su kai kilo 1 ba. In na baƙin ƙarfe ne mai kauri ɗaya, sun haura kilo 2. Ga babban mutum ba wani abu ba ne, amma ga yaro ɗan shekara goma da zai tsaya awa guda, akwai bambanci.

A kuma lissafta lokaci. In kowane ɓawo ya ci minti 3 wajen yanka da gogewa da hudawa, awa 20 ke nan tun ba a kama ɗinki ba. Abin da ya sa samarinmu suka tsallake gogewa shi ne sun makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sulken Kirsimati a fara shi a watan Oktoba, na Ista kuma da zarar an shiga sabuwar shekara.

YANKA, GOGEWA, HUDAWA

A ɗora samfurin a kan fallen, a zana da bakin ƙusa, a jera zanen kusa da juna don kada a yi ɓarna. Yanka aikin manya ne, da safar hannu. Yara su taimaka da zane da ƙirge da jerawa goma-goma. A yi aikin a kan tabarma ko buhu, a tattara ɓarɓashin duka a ƙarshen kowace rana, gama ƙannensu suna yawo ba takalmi.

Gogewa ita ce zuciyar aikin, ita ce kuma mutane suka fi ƙi. Kowane ɓawo, ba a bar ko ɗaya ba, a bi bakinsa da magagari, sa'an nan da samfefa, har kusurwoyin sama su ma su zagaye. Gwajinsa mai sauƙi ne: a goga ɓawon a jikin tsohuwar safa. In ya kama zare, bai yi ba tukuna. In da gwangwani ake aiki, ya fi kyau a kalmashe bakin a danne da guduma, yadda masu bokiti suke yi wa bakin bokiti.

A huda huji biyu a sama, a kan guntun katako, da ƙusa ko madoshi. Ƙusa takan bar ƙarfe a tsaye ta baya kamar bakin gwangwanin da aka fasa. Dole a juya ɓawon a danne wannan da guduma, a bi da magagari, in ba haka ba shi zai yanke zare, ya kuma karce mai riga. Daga nan a ɗora ɓawon a kan ɗan rami da aka fafe a jikin katako, a buga tsakiyarsa sau ɗaya ko biyu don ya ɗan yi doro. Wannan doro yana ƙara masa ƙarfi, yana sa bakinsa ya kwanta, shi ne kuma yake kama hasken fitila har rigar ta riƙa walƙiya.

ƊINKI KAMAR BAIBAYA

Wanda ya taɓa baibayar ɗaki ya san ba a farawa daga ƙoli. Daga ƙasa ake ɗora ciyawa, kowane layi ya rufe kan na ƙasa, don ruwa ya gangara. Haka sulke yake. A ja layuka da alli a jikin rigar, tsakaninsu santimita 3, a fara da na can ƙasa. Layi na biyu a matsar da shi rabin ɓawo, domin kowane ɗaya ya zauna a kan mahaɗin biyu na ƙarƙashinsa. Haka za a yi ta hawa har wuya.

A yi amfani da zaren masu gyaran takalmi, a shafa masa kakin zuma. A ƙulle zaren bayan kowane ɓawo biyar, don in ya tsinke a wuri ɗaya kada layin duka ya zube. Kada a ja ɗinkin ya yi tsauri ainun. Ɓawon yana bukatar ɗan motsi. Kada kuma a sa ɓawo a ƙarƙashin hammata, ko dab da maƙogwaro.

In an kai sama, a kai wa baduku ya naɗe wuya da bakin hammata da fata mai laushi, ta rufe kan layi na ƙarshe. A ƙarshe tela ya sa shafi na auduga a ciki, ya rufe ƙulle-ƙullen duka. A nan matan zumunta sun fi mu iyawa nesa ba kusa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: maƙeri da tela da baduku da iyaye mata, kowa da nasa.

TSININ ADO

Yanzu ga abin da ya kai mu asibiti. Dokarmu ta fari ita ce: ba ƙusa, ba waya, ba wani abu mai kaifi, ko kaɗan. Mai kallo da yake zaune a benci na biyar ba ya iya bambanta tsinin ƙarfe da na soso. Don haka ga yara, a yanka soson katifa ko tsohon silifa, a fere shi kamar ƙahon ɗan akuya, a shafa masa fenti ruwan azurfa. In an faɗa a kansa sai ya lanƙwashe.

In manya ne za su sa, ana kuma son na ƙarfe, a bar wa maƙeri. Zai yanka falle kamar kashi ɗaya cikin uku na faifai, ya naɗe shi yadda yake naɗe mazurari, ya danne kan ya zama dagumi, kamar kan ɗan yatsa. Ya zama gajere mai faɗin gindi, kada tsawonsa ya wuce santimita 3. Kada a kafa shi a jikin rigar kanta. A kafa shi a kan wani guntun fata mai kauri, a rufe bayansa da wata fatar, sa'an nan a ɗaura wannan a kan rigar da maɗauri. Ta haka za a iya cire shi lokacin gwaji, ko lokacin da za a yi kokawa a cikin wasan.

Wurin da aka sa shi ya fi girmansa muhimmanci. Ya kasance a can gefen kafaɗa, yana duban waje, ba sama ba, ba kuma wajen wuya ba. Kada a sa a ƙirji, ko a gwiwar hannu, ko a wuyan hannu, gama mutum yakan share zufa da hannu ba tare da tunani ba. In ana son abin ban tsoro, a kai shi bisa kwalkwali. Ƙwarya mai daidai kan yaro, da tsumma a ciki, da fenti, da tsinin soso ko gashin tsuntsu a ƙoli, ta isa.

GWAJI KAFIN RANAR WASA

Mako guda kafin wasa, wani babba ya sa tafin hannunsa ya shafa cikin rigar ko'ina, a hankali. Sa'an nan mai wasan ya sa ta a kan taguwa. Ya ɗaga hannuwa sama. Ya juya kai dama da hagu, ya kwantar da kunne a kafaɗa. Ya durƙusa, ya zauna, ya rungumi wani. In a wasan zai faɗi, ya faɗi a kan katifa sau uku, daidai yadda zai yi ran wasa. Duk inda ya ce yana sukarsa, a gaskata shi, a gyara.

A tuna Ista yakan zo cikin tsananin zafin bazara. Ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri. Kada a ajiye sulke a rana, kada a sa wa yaro tun da safe yana jira. A sa masa dab da fitowarsa, a tuɓe da ya gama, a ba shi ruwa.

In duk da haka wani ya yanke, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man birki. Mutane suna cewa tsatsa ce take kawo tetanus, wato ciwon sarƙewar haƙora. Gaskiyar ita ce ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana kuma son rauni mai zurfi irin na ƙusa. Alamunta sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin da an riga an manta da raunin. Allurar rigakafi tana hana ta, don haka a gaya wa ma'aikacin lafiya yaushe aka yi wa yaron ta ƙarshe. In abu ya shiga ido, kada a cire, kada a murza. A rufe a hankali, a garzaya.

Bayan biki a goge sulken da busasshen tsumma. In na gwangwani ne a shafa masa ɗan mai. A rataye shi inda damina ba za ta same shi ba, inda kuma ƙananan yara ba za su kai ba. Wanda aka yi da kyau zai yi wa majami'a shekaru, daga wa zuwa ƙane.

Namu na biyu wata biyu muka yi muna yinsa. Ɓawonsa na alminiyon ne, tsinayensa na soso, yana kuma walƙiya fiye da na farko. Saurayin nan mai tabo yanzu magidanci ne, shi ne kuma mai duba kayan wasa a majami'armu. Ba rigar da take hawa jikin yaro sai ya juya cikinta waje ya shafa da hannunsa. Samari sukan yi gunaguni, su ce Baba ya cika tsanani. Ba ya gardama da su. Yakan nuna musu kuncinsa, ya miƙa musu magagari.

In majami'arku tana da wata dabara da ta fi tamu, ku rubuto mana, domin sauran iyalai su amfana.